Sabon Batiri da Kunun Ayar Walima

Duk faɗin Wudil, daga bakin gada har hanyar Utai, ban ga mutumin da ya fahimci wutar sola kamar ni ba. Malaman jami'a a takarda suka karanta ta, ni kuwa yini guda na yi da ita ido cikin ido, ta san ni na san ta. Yau ko daga barci ka tashe ni ka ce, "Alhaji, an kawo sabon batirin litiyam, me ake fara yi masa?" zan ba ka amsa ban buɗe ido ba. Sai dai ilimi irin wannan ba a samun sa a banza, kuma nawa ba ni kaɗai na biya ba.

Ni dillali ne a kara, wato kasuwar shanu. Ranar Juma'a in kasuwa ta cika, ko ba ka gan ni ba za ka ji ni. A hannuna saniyar da ake ƙirga haƙarƙarinta daga nesa takan zama mai ƙashin arziki, bijimin da ke ɗingishi kuma takun ƙasaita yake yi. Ba ƙarya nake yi ba, gaskiyar ce nake sa wa babbar riga. To mutumin da ya saba yabon kayan wasu, ka san ranar da ya sayi nasa sai Allah.

Mu a Sabon Gari wutar gwamnati leƙe take yi mana irin na baƙo mai kunya: kafin ka ce sannu da zuwa ta juya. Na taɓa yin batiran ruwa, waɗannan masu nauyin jaki, suka yi mini shekarun da za su yi suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Da bazarar da nake ba da labari ta kama, zafi ya kai kaza na tafiya baki buɗe, sai na sayar da wani sa da na daɗe ina turkawa, na ce a haɗa mini sola ta gaske, da batirin zamani.

Akwai dalilin gaggawa. Babbar 'yata ta sauke Alƙur'ani, an sa walima ranar Lahadi. Maiɗakina kuwa Allah ya yi mata hannun kunun aya. Ba don tawa ba ce, amma in ta haɗa aya da dabino da kwakwa, ta ɗan jefa citta da kanumfari, mutum yakan sha ya manta da wanda yake fushi da shi. 'Yan'uwanta na Utai tun da aka sa rana suke aiko da saƙo cewa su ba shinkafa za ta kawo su ba, kunun za su zo sha. Yarinyar ma ta cika wa ƙawayenta na Islamiyya baki. Shi kuma kunun aya kowa ya san halinsa: ba ya kwana a zafi. A bazara in bai samu sanyi ba, kafin gari ya waye ya yi tsami ya kama yauƙi, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sa baki.

Mai haɗa solar, wanda muke kira Injiniya, ya gama aikinsa ranar Juma'a da yamma. Farantai sun hau rufi. Shi batirin, wani farin akwati ne sumul, da 'yan fitilu koraye jere a ƙirjinsa, aka kafa shi a bango kusa da inbata, wato na'urar da ke juya wutarsa ta zama irin ta gida. Injiniya ya so a sa su can cikin gida. Na ce a'a, a ɗan ɗakin da ke cikin zaure za su zauna, saboda iska. Gaskiyar magana, in suna cikin gida maza ba za su iya shiga su gani ba, kuma ni ban sayar da sa don abin ya yi zaman kulle ba.

Yana tattara kayan aikinsa ya ce, "Alhaji, ka ga rabin fitilun nan ne a kunne ko? Haka yake zuwa daga kamfani, da rabin ciki. Gobe ka bar shi da rana su biyu. Kada a jona komai sai fitilun nan duk sun kama, ya cika ya daidaita kansa. Cajin farko ke nan. Na kashe makunnin da ke ba gida wuta, ga shi nan, kada a taɓa."

Na ce, "Haba Injiniya, ni za ka koya wa batiri?"

Ya ce, "Ba koya maka nake ba. In ka sayo sa daga kara ya sha tafiya, ranar kake ɗaura masa garma?"

Na ce, "Sai ya ci ya sha ya huta."

"To shi ke nan. In ya cika gobe da yamma, ka kunna firiza da magariba, zai riƙe ta har safe yana dariya."

A kan wannan magana na shiga gida na yanke hukunci. Maiɗakina ta ce, "Malam, ko dai in yi wa mai ƙanƙara magana ta ajiye mana, kamar yadda muka saba? Sabon abu ba a san halinsa ba."

Na ce, "Hajiya, gidan da ke da litiyam ya sayi ƙanƙara? Ai sai a yi da mu a gari. Ki yi kununki gobe, ki cika firiza har baki. Jibi sai an sa guduma kafin a raba robobin nan."

Ta dube ni irin kallon da mata ke yi wa miji in sun shekara ashirin suna jin alkawari, ta ce, "Allah ya sa."

Ranar Asabar bayan sallar asuba, muna neman takalma a ƙofar masallaci, wani ya tambaye ni me aka ɗora a rufina jiya. Tambaya ɗaya ya yi bawan Allah. Ni kuwa na gyara tsayuwa. Na ce wannan batiri in ya ƙoshi zai haska Sabon Gari ya bar saura a kai Utai. Na ce ƙasar da aka ƙera shi ma ba kowa ake sayar wa ba. Na ce daga yau ni da duhu sai dai mu haɗu a kabari, can ma da hasken imani in Allah ya yarda. Aka yi dariya, aka ce za a zo a sa albarka.

Haka al'adarmu take. Ka yi sabuwar mota ko sabon ɗaki, maƙwabta za su zo su gani, su ce Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a mora lafiya. Abin da ban lissafa ba shi ne unguwar ta kwana biyu ba wuta, kuma ba wanda zai zo sa albarka wa batiri ya bar matacciyar wayarsa a gida.

Na farkon zuwa ladaninmu ne, dattijo sa'an mahaifina. Ya tsaya gaban akwatin ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro wata 'yar waya da aka ɗaure da kyauro.

"Ɗana, tun shekaranjiya ta yi shiru. Da ita nake duba lokaci."

Jama'a, ku faɗa mini, da wane baki zan ce wa ladan batirina yana hutawa? Mutumin da ya gama yi masa addu'a yanzu? Na dubi makunnin da Injiniya ya ce kada a taɓa, na dubi wayar. Na ce a raina, wannan ai sauro ne ya sauka a kogin Wudil zai sha ruwa. Na ce bismillah, na ɗaga makunni. Wuta ta kama a zaure, ladan ya yi kabbara.

Kafin hantsi zaurena ya koma shagon caji. Waya a kan tabarma, waya a kan taga, waya a cikin takalmi. Wani ya koma gida ya kawo doguwar waya mai bakuna da yawa, aka jona wata a jikinta. Mai aski ya kawo injin askinsa, da ya ga mutane a zaune kuma sai ya shimfiɗa buhu ya fara aiki a nan. Tocila, rediyo, fankar caji, har da wata fitila da ban taɓa ganin irinta ba. Kowa ya shigo sai ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki," ni kuma in ce, "Jona, jona, ai ba ya ji." Ina zaune a kujera kusa da ƙofar ɗakin batiri kamar mai gadin banki, ina yi wa kowane sabon zuwa bayani. Duk bayanin da na yi sai ya fi na baya tsawo.

Kuma a gaskiya har lokacin ba a yi ɓarna ba. Rana ta ɗaga, farantai na aiki, na leƙa na ga ƙarin fitila ɗaya ta fara ƙyaftawa. Da a nan aka tsaya, da yau ba ni da labari.

Sai ga taubashina. Ɗan gwaggona ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka a al'ada bawana ne, kuma tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Sana'arsa wanki da guga, yana da rumfa a bakin titi.

Tun daga waje ya ɗaga murya. "Salamu alaikum! Ina mutumin da aka ce ya ɗaure rana a turke?"

Na ce, "Wa nake ji kamar bawana? Cire takalmi ka shigo ka gai da sabon ubangidanka."

Ya shigo, ya leƙa ɗakin, ya daɗe yana kallo, ya juyo yana taɓe baki. "Wannan ne? Wannan ɗan akwatin? Ni yadda aka ba ni labari na zaci zan tarar da abu kamar rumbu. Ɗan kawu, da ka bar wancan sa naka mun yanka mun ci nama. An yi maka irin abin da kake yi wa mutane a kara."

Zaure ya ɗauki dariya. Na ce, "Kai da ka saba da hura gawayi me ka sani? Wannan da kake gani zai ɗauki injin niƙa."

"Injin niƙa? Wallahi ko dutsen guga ba zai ɗauka ba. Cajin waya dai, to, ko ɗan batirin babur ma yana yi."

Maganar taubashi ba a fushi da ita, ba a kuma barin ta ta kwana. Idon mutum kusan ashirin na kaina, mai aski ma ya tsayar da inji. Na ji maganar Injiniya tana taɓa ni a kafaɗa, na kaɗe ta.

Na ce, "Dutsen guga ɗaya? Raina ni ka yi. Kawo biyu."

Ban rufe baki ba ya fita. Ashe tarkon ke nan, kuma da ƙafata na shiga har da sallama. Ba a jima ba ya dawo a kan babur da ƙullin kaya ya fi shi tsawo, abokin aikinsa na biye da tebur a ka. Kayan rabin unguwa ne, na walimar 'yata, an kai masa guga ga gawayi ya yi tsada. Suka kafa tebur a zaurena, suka jona duwatsu biyu na lantarki, suka fesa ruwa suka kama aiki.

Nan take inbata ta sauya murya, fankar cikinta ta kama kuka kamar za ta tashi sama. Wani ya ce, "Alhaji, lafiya kuwa?"

Na ce, "Gurnani ne. Zaki in ya ga nama ai ba ya shiru."

Shadda ta bi shadda, yadi ya bi yadi. Taubashina na guga yana waƙa, yana cewa a gaishe da ubangida mai rana. Bayan azahar na leƙa. Fitilar da ke ƙyaftawa da safe ta daina, ta mutu. Na ce wataƙila haka tsarinsa yake, ya ja baya kamar rago kafin ya yi karo. Da na sake leƙawa wata ta bi ta. Daga nan na ja kujerata na toshe ƙofar ɗakin, na baza babbar riga, duk wanda ya zo gani in ce masa ba a son yawan kallo a ranar farko.

Wayata ta yi ƙara, Injiniya ne.

"Alhaji, ya mutumin?"

"Yana nan yana shan rana abinsa."

"Madalla. Ba a dai jona komai ba ko? Wace ƙara nake ji haka?"

Na ce, "Injiniya? Injiniya! Sabis ɗin nan, ba na jin ka," na kashe.

Da la'asar aka ce ana kirana a cikin gida. Na tarar da tsakar gida cike da mata, an tace kunu an ɗura a robobi, an jera su reras a inuwa, ƙamshin kanumfari har soro. Maiɗakina ta ja ni gefe, hannunta duk dusar aya.

"Malam, mai ƙanƙara ta aiko. Ta ce in muna so mu faɗa yanzu, masu biki na jira, in ta ba su babu saura. Ni kuma tun safe nake jin hayaniya a zaure. Ba cewa aka yi kada a taɓa abin nan ba?"

Ga ƙofa Allah ya buɗe mini a sarari. Kalma ɗaya ce, in ce a karɓo. Amma ƙanƙarar nan ta zaure za a shigo da ita, a buhu, tana ɗiga, ta gaban taubashina da duwatsunsa. Na hango fuskarsa. Na hango labarin yana isa kara kafin Juma'a.

Na ce, "Hajiya, ki bar wa masu biki, su ne ba su da gata. Shi litiyam kaɗan ɗinsa ya fi cikin wani. Abin da ke cikinsa yanzu zai riƙe firiza har jikokinmu."

Ta ce, "Ka duba dai. Aya ce, ba zoɓo ba."

"Na duba."

Rana ta faɗi da fitila ɗaya tal a ƙirjin batirina. Taubashina ya naɗe kayansa, ya ce ya yarda ubangida ubangida ne, ya tafi ko sannu babu. Masu waya suka kwashe. Aka loda robobi a firiza, na kunna ta da hannuna, ta ɗauka da wani sanyayyen kuka mai daɗin ji. Na kira maiɗakina na ce ta saurara. Don in nuna mata ba na shakka, har fanka na kunna mana.

Washegari da asuba, da na dawo daga masallaci gari ya fara haske, na ji gidan shiru. Irin shirun da na sani tun zamanin batiran ruwa. Maiɗakina tana tsaye gaban firiza, marfi a buɗe. Ba tururin sanyi, sai wani ɗumi mai wari. Robobin sun kumbura sun yi ciki kamar tumakin da suka ci rogo. Ta ɗauki ɗaya ta murɗa marfin, ya yi tsaki, kunun ya biyo hannunta yana zare. Ta buɗe ta biyu, ta buɗe ta uku. 'Yata na bakin ƙofa da lallenta a hannu, ta dubi robobin, ta koma ɗaki.

Na hau babur na zaga Wudil kaf. Duk mai firiza na buga masa ƙofa. Lahadi ce, bazara ce, kowane lungu da biki. Ƙanƙara ko ta sa wa a ido babu. Na dawo da ruwan leda da lemon kwalba, su ma da ɗuminsu kamar an sauke daga murhu.

An yi walima. Yarinya ta yi karatu, murya na rawa da farko, daga baya ta zauna daram, har na ji idona ya kawo ruwa. Mutanen Utai suka ci shinkafa, suka yi ta waige ana jiran a fito da abin da ya kawo su, daga ƙarshe aka miƙa musu ruwan leda. Ina jin wata daga cikin yayyen maiɗakina tana tambaya daga cikin gida, "Wai ina kunun ne?" Ban ji amsar da aka ba ta ba, kuma ban nema ba. Ta wajen maza kuwa ban taɓa ganin taro mai kyan guga irin wannan ba. Kowace shadda da kari kamar wuƙa, kowace waya cike da caji ana ta ɗaukar hoto.

Da yamma baƙi sun ragu, Injiniya, wanda shi ma ya zo cin shinkafa, ya ce bari ya duba mutuminsa. Muka shiga. Yini guda ba wanda ya jona ko allura, don kowa ya cika tun jiya. Fitilun nan duk sun kama, kore shar, tun daga ƙasa har sama. Sai na ji ƙarfina ya dawo.

Na ce, "Jama'a ku zo ku gani! Ban faɗa muku ba? Ya cika har yana neman zuba!"

Injiniya ya danna wasu maɓallai a jikin inbata, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Alhaji, jiya me aka jona?"

"'Yan wayoyi ne."

Taubashina, da ke tsaye yana sakace, ya ce, "Haba ubangida, kada ka rage wa batirinka daraja. Injin aski fa? Fankoki fa? Duwatsuna biyu fa, tun hantsi har rana ta yi ja? Wallahi jarumi ne, ni shaida ne."

Injiniya ya riƙe haɓa. "Dutsen guga biyu? A cajin farko? Alhaji, ai a duk kayan gida babu abin da ya kai dutsen guga jan wuta."

Daidai lokacin maiɗakina ta iso bakin ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida, da bokitin kunun da za a zubar, tana jiran maza su ba da hanya. Tun safe ba ta yi mini magana ba. Daga bayan labule ta ce:

"Injiniya, akwai. Bakin maigidan nan. Shi ka nema wa makunni."